Tsakanin Gagare da Bunsuru: Shirin Tarar Ambaliya a Arewacin Zamfara

Wanda ya bi ta Ƙaura Namoda a watan Maris ya leƙa Gulbin Gagare ba zai ga abin tsoro ba. Yashi ne shimfiɗe, tifofi na shiga suna lodi, yara na tona gurbi suna kwalfar ruwa da ƙoƙo, shanu na ratsawa ko kofato bai jiƙe ba. Haka Bunsuru yake a ƙasar Zurmi. Wannan kamannin na rani shi ya fi daɗewa a idon mutane, wata bakwai ko takwas a shekara. Shi ya sa in ana zancen shirya gari don ambaliya da girgizar ƙasa, hankali kan tafi Legas ko Jakarta ko Tokyo, biranen da ke bakin teku, a ga kamar maganar ba tamu ba ce. Amma ruwan da ya ci Jibiya, maƙwabciyar Zurmi, a tsakiyar Yulin 2018 bai fito daga teku ba. Sama ce ta sako shi da dare mutane na barci, aka wayi gari an rasa fiye da mutum 40, wasu gawarwakin ma sai a ƙasar Nijar aka tsinto su.

Biranen gaɓar teku suna gina katangar tare igiyar ruwa, suna girka manyan injinan zuƙe ruwa daga tituna. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yi wa Kasuwar Daji ko Shinkafi amfani. Abin ɗauka a wurinsu shi ne sun san inda ruwa zai bi tun bai zo ba, kuma sun raba wa kowa aikinsa tun ana zaune lafiya. A ganina duk shirin da ya kamaci arewacin Zamfara aikin rani ne. Abin da ake yi a Agusta, na rabon katifa da buhun shinkafa da bandir ɗin kwano, jaje ne, kuma jaje yana da muhallinsa, sai dai bai taɓa hana bango faɗuwa ba.

Sai an fara da fahimtar ƙasar kanta. Gagare yana gangarowa daga tuddan kudu, ya wuce ta Ƙaura ya nufi arewa. Bunsuru yana fitowa daga ƙasar Katsina, ya ratsa ƙasar Zurmi. A yankin Shinkafi da Isa suke haɗuwa su zama Rima, sannan can gaba wajen Sabon Birni ruwan Gulbin Maraɗi ya shigo, duka su zuba a madatsar Goronyo. Kawunan waɗannan gulabe suna kan tsohon dutse ne mai tauri, wanda ƙasar da ke samansa ba ta da zurfi. Ruwa in ya zuba a nan ba ya samun wurin nutsewa sosai, gudu yake yi ya faɗa ƙorama, ƙorama ta kai shi gulbi. Daga wajen Shinkafi zuwa arewa ƙasar ta koma ta yashi da tsakuwa, ta baje, gulbi ya rage sauri ya bazu cikin fadama. Saboda haka matsalar Ƙaura da Zurmi ruwa ne mai zuwa da ƙarfi ya wuce da sauri, yana cin gaɓa yana yanke hanya. Ta Shinkafi kuwa ta fi kama da ruwan da ke zuwa ya kwanta. Kuma mutumin Shinkafi na iya kwana ƙarƙashin taurari, ko ɗigo bai sauka a garinsu ba, asuba ta yi ya tarar da ruwan da aka yi a wata jiha cikin gonarsa.

Ruwan shekara a wannan yanki bai cika wuce milimita 600 zuwa 900 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Yawansa a shekara ba shi ne abin dubawa ba, yadda yake zuba a dare ɗaya ne. Lissafin mai sauƙi ne: milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. In aka yi milimita 100 a dare guda, rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100 zai zubo da lita 10,000, wato jarka 400 mai cin lita 25. Hekta ɗaya ta unguwa za ta karɓi lita miliyan ɗaya. Wannan ruwan dole ya je wani wuri, in an tanadar masa hanya ya bi, in ba a tanadar ba ya zaɓa da kansa.

Dattawa kan ce ruwan yanzu ba irin na da ba ne, kuma masana sun gaskata su. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017, wanda ya bi hotunan tauraron ɗan'adam tun daga 1982, ya nuna cewa manyan hadura masu tsananin ruwa a yankin Sahel sun ninka sau uku a wannan tsakanin. Sai dai sauyin sama rabin labarin ne. Ɗaya rabin na ƙasa ne. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da na 1983 zuwa 1985, ya busar da fadamu da ƙoramu na tsawon lokacin da har aka manta cewa hanyar ruwa ce. A daidai wannan lokacin garuruwa suka yi ta faɗaɗa. Aka yanka filaye a kwari, aka sayar, aka gina, aka haifi 'ya'ya a ciki suka girma har suka gaji gidajen. Yau in ka ce wa magidanci gidansa a bakin ƙorama yake, zai rantse maka bai taɓa ganin ruwa a wurin ba, kuma gaskiya ya faɗa, don shekarunsa ba su kai ba. A kan wannan aka ƙara saran itatuwa don itacen girki da gawayi, sannan rashin tsaro ya kwaso mutanen ƙauyuka ya jibge su a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Ɗan gudun hijira ba ya zaɓen fili. Inda babu mai so, nan yake samu, kuma inda babu mai so galibi kwari ne.

A nan ya kamata a daɗe, kan ɗakin kwana, domin a garuruwanmu faɗuwar gini na kashe mutane da damina ko a shekarar da gulbi bai tumbatsa ba. Marka in ta kama, kwana biyu ko uku ana yayyafi ba ƙaƙƙautawa, soro yana shan ruwa yana ƙara nauyi, azara tana ɗauke da abin da ya fi ƙarfinta, gindin bango kuma yana jiƙa daga ƙasa har ya koma taɓo. Sai tsakar dare ya zauna a kan masu barci. Wasu na ɗora laifin a kan ginin ƙasa gaba ɗaya, su ce maganin kowa ya koma bulo da siminti. Ban yarda ba, kuma ko na yarda, kuɗin buhun siminti ya raba gardama. Maginan da sun san aikinsu. Bango mai kauri a ƙasa yana sirancewa a sama, yaɓe duk shekara kafin ruwan fari, makuba daga kwasfar ɗorawa a shafe bango da rufi don ruwa ya zame, indararo dogo mai jefa ruwa nesa da gindin gini. Abin da ya lalace shi ne kulawar. Ɗorawa ta yi ƙaranci, yaɓen shekara ya zama sai mai hali, sannan aka shigo da shafen siminti a kan bangon ƙasa. Wannan shafen yana da kyan gani, amma da zarar ya tsage ruwa ya shiga bayansa, ba ya samun hanyar bushewa, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye mai gida na ganin ƙalau yake. Ko tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19 da ya ga damina fiye da 150, ruwan Satumban 2024 ya kayar da shi.

Manomin yankin nan ba ya ɗora rumbunsa a ƙasa, sai ya jera duwatsu ya ɗaga shi don kada danshi ya taɓa hatsi. Ɗakin da 'ya'yansa ke kwana ya fi cancantar wannan gatan. Tushe na dutse ko layi uku zuwa huɗu na bulo har zuwa gwiwa, sannan a ci gaba da tubalin ƙasa. Leda mai kauri tsakanin tushe da bango don tare danshi. Bakin kwano ya zarce bango sosai. Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, tsakar gida ta fi titi. Wannan na ƙarshe ya zama matsala a unguwannin da aka yi wa sabuwar kwalta. Ɗan kwangila ya cika hanya da jar ƙasa ya ɗaga ta, gidajen da ke gefe suka koma rami, titin da aka yi murnar samu ya zama madatsa a ƙofar gida. Sarkin magina da 'yan ƙungiyar magina su ne mutanen da ya kamata a fara zama da su, domin abin da magini ya saba yi shi ne dokar gini ta gaskiya a garin da ba a neman izinin hukuma kafin a kafa tubali.

Sai kududdufi. Kowane tsohon garin Hausa yana da su, ramukan da aka haƙi ƙasar gina garin, kuma su ne ke karɓar ruwan unguwa su riƙe shi har ya tsotse. Yanzu ana cika su da shara, in sun cika a yanka fuloti. Duk kududdufin da aka rufe, ruwan da yake ɗauka yana nan, gidajen maƙwabta zai koma. Mutanen Holan, waɗanda duniya ta sallama musu a yaƙi da ruwa, bayan ambaliyar 1993 da ta 1995 sun gane cewa ƙara wa katanga tsawo ba ya ƙarewa, suka fito da shirin sakar wa koguna fili, har suka tashi wasu gidaje don ruwa ya sami wurin kwanciya. Abin da suka kashe maƙudan kuɗi suka yi, mu gadonsa muka yi muna sayarwa. Ba na musun illar kududdufi, akwai sauro, akwai yaran da ke faɗawa. Maganin wannan shinge ne da yashewa da buɗe masa mafita zuwa ƙorama. Lambatu kuwa kowa ya san abin da ke cikinsa, ledar fiyawata da robobi da yashi. A da akwai duba-gari mai shiga gida-gida, ana jin tsoronsa. Aikin gayya na yashe lambatu a watan Mayu, kafin ruwa ya zauna, ya fi motar agaji goma a Agusta.

Kasuwa da hanya su ma gari ne. Kasuwar Daji da kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis suna tara hatsi da dabbobi daga ƙauyuka masu yawa, kuma buhun gero ko na taki da aka jibge a daɓen shago, ruwa mai kai idon sawu ya isa ya lalata layin ƙasa duka. Dakali da katako a ƙarƙashin buhu ba su da tsada. Hanyar da ta taso daga Gusau ta bi Ƙaura ta nufi Shinkafi ita ce jijiyar yankin, kwalbati ɗaya in ya karye an raba mai naƙuda da babban asibiti. Akwai kuma tudun layin dogo, wanda ya iso Ƙaura daga Zariya a 1929. Abin da ya faru a Mokwa ta Jihar Neja a ƙarshen Mayun 2025 ya isa a sa a je a duba shi: rahotanni sun nuna ruwa ya taru ne a bayan tudun tsohon layin dogo da mafitarsa ta toshe, da ya ɓalle ya afka wa unguwanni da asuba, aka rasa mutum fiye da 150.

Game da gargaɗi, Najeriya ba ta rasa hukumomi ba. NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, NIHSA na fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ke iya shafa, NEMA tana nan tun 1999, jiha ma tana da tata hukumar agajin gaggawa. Amma a ce ƙaramar hukumar Shinkafi na cikin haɗari bana, bai gaya wa mai unguwa ko wane lungu ne ba, ko wane dare. Wannan sanin yana wurin masunta da masu fito da manoman fadama. Su za su nuna maka inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa. A bi su da fenti a yi alama a bango da ginshiƙin gada, a sa wa kowace alama ma'ana: in ruwa ya kai nan a kwashe dabbobi, in ya kai nan a fita. Tunda ruwan gulbi na ɗaukar sa'o'i kafin ya gangara daga wani gari zuwa wani, mutum ɗaya amintacce a bakin gadar sama, da lambar hakimin garin ƙasa a hannunsa, na iya ba mutane rabin dare su kintsa. Bangaladash ta nuna amfanin irin wannan. Guguwar 1970 ta kashe mata mutum wajen 300,000, daga baya ta kafa rundunar 'yan sa-kai masu yawo ƙauye-ƙauye da lasifika, yau guguwa mai irin wannan ƙarfin ba ta kashe ko kusa da haka. Mu muna da lasifikar masallaci a kowace unguwa, muna da sankira. Kada dai a dogara da waya kaɗai. A Satumban 2021, ana tsakiyar damina, an rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, kuma ko ba a rufe ba akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sabis.

Wannan ya kawo mu inda shirin arewacin Zamfara ya bambanta da na kowane littafi. Ƙa'idar ko'ina ita ce in ruwa ya taso a gudu tudu. To a ƙasar Zurmi ko Shinkafi, wa zai kwashi mata da yara ƙarfe biyun dare ya fita bayan gari? Tudun da ya tsira daga ruwa wataƙila shi ne wanda ba a iya kwana a kansa. Dole mafaka ta kasance cikin gari, an san ta tun rani: wannan makarantar, wancan masallacin Juma'a, a tabbatar suna kan tudu, da makewayi da ruwan sha, a kuma tuna cewa wasu makarantun tuni 'yan gudun hijira ke ciki. Garuruwan da suka haƙa rami kewaye da kansu don tsaro su duba inda ramin zai juya ruwa, da ta wace ƙofa jama'a za su bi. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Matar da mijinta ya yi tafiya na iya tsayawa jiran izini ruwa na shigowa ɗaki. Liman ne zai warware wannan a huɗuba tun kafin damina, magidanta kuma su faɗa da bakinsu a gida. A san tsofaffi da marasa lafiya na kowane lungu da saurayin da zai ɗauko kowannensu, a san zaurukan da almajirai ke kwana. Malamai sun sha bayyana cewa tawakkali ba ya kore riƙo da sababi, saura a mayar da bayanin ya zama jerin sunaye a hannun mai unguwa.

Bayan ruwa ya janye sai ciwo. Shadda ta cika ta haɗu da rijiya, amai da gudawa ya biyo baya. A annobar kwalara ta 2021, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, Zamfara na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ɗaga bakin rijiya da tanadin sinadarin tsabtace ruwa a asibitocin karkara tun Yuni na cikin shirin ambaliya.

Madatsun ruwa suna da nasu tarihin a wannan kwari. A ƙarshen Satumban 2006 madatsar Gusau ta ɓalle bayan mamakon ruwa, ƙofofinta sun ƙi buɗuwa, aka rasa mutum wajen 40 da gidaje kusan 500. A Satumban 2010 ruwan Goronyo ya shafe ƙauyuka, ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Can nesa da wannan kwari ma, ta Alau ta cinye rabin Maiduguri a Satumban 2024, wata guda bayan ruwa ya raba dubban mutanen Gummi da gidajensu. Mutanen Zurmi da Shinkafi suna da hakkin su san halin da madatsar Zobe ta wajen Dutsin-ma ke ciki, tunda ruwanta ta wajensu yake biyowa, su kuma ji kafin a saki ruwa. Hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ce ke da alhakin manyan madatsun yankin, kuma ruwa bai san iyakar Katsina da Zamfara ba.

Girgizar ƙasa fa? Gaskiya haɗarinta a nan kaɗan ne, muna zaune nesa da inda ɓangarorin ƙasa ke gogayya. An ji motsin ƙasa a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da Mpape a Abuja a 2018, bango ya tsattsage, ba a wuce nan ba. Afirka ta Yamma ta taɓa ganin mai kisa, a Akara a 1939 da arewacin Gini a 1983. Ba zan ba talakan Zurmi shawarar kashe ko kwabo don ita kaɗai ba. Sai dai girgizar Maroko ta Satumban 2023, da ta kashe kusan mutum 3,000, mafi yawa a ƙauyukan ginin ƙasa da dutse, ta nuna rufi mai nauyi a kan bango marar ɗauri shi ne makashin. Linta mai zagaye gini da rufi marar nauyi suna maganin wannan, suna kuma maganin marka. Makarantu da asibitoci da benayen da ake ɗagawa a Ƙaura, su ne ya kamata injiniya ya duba rodinsu da pilarsu.

Akwai gidajen da duk dabarar gini ba za ta cece su ba, domin a cikin hanyar gulbi suke. Maraɗi ta fuskanci wannan. Katsinawan da suka kafa ta bayan jihadi a cikin kwarin gulbi suka zauna, har ambaliyar 1945 ta rusa garin, aka tashe shi aka mayar kan tudu, inda birnin yake a yau. Mulkin mallaka ne ya yi wannan, da ikon da ba ya neman shawarar kowa, kuma babu gwamnan da zai iya haka yanzu, bai ma kamata ya iya ba. Amma tashin unguwa ɗaya ko layi biyu na bakin gaɓa abu ne mai yiwuwa, kuma kuɗinsa ba gagara ba ne in an so. Asusun kula da muhalli na tarayya yana nan tun 1981, jihohi da ƙananan hukumomi na karɓar kasonsu, ga shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 don jihohin arewa. Abin da ke kashe irin wannan tashin sananne ne. A ba mutum fili can bayan gari inda babu rijiya babu tsaro, ya karɓa ya sayar ya dawo. Ko a ce ya bar gidan, ya ji tsoron gonarsa ta fadama za ta bi gidan. Sai sabon filin ya kasance cikin da'irar da jami'an tsaro da 'yan sa-kai ke karewa, da ruwan sha tun kafin a tare, gonar fadama kuma ta zauna a hannun mai ita a rubuce. Filin da aka tashi mutane daga cikinsa shi ma kada a bar shi fayau, a mayar da shi lambu ko filin ƙwallo ko makiyayar rani da sanin hakimi da ƙaramar hukuma, in ba haka ba damina biyu masu sauƙi sun isa a sake yanka shi a sayar wa wanda ya zo daga ƙauye jiya.